DAGA FAIFAI ZUWA FAIFAI: TARIHIN DABARUN SAUYA KIƊA A WURIN MASU SA FAIFAI

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zama gaban garmaho ya san cewa faifai ba ya daɗewa. Faifai mai faɗin inci 10, mai yin zagaye 78 a minti, kiɗan da ke gefensa guda bai wuce na minti 3 da 'yan daƙiƙoƙi ba. In ya ƙare sai an ɗaga allura, a cire shi, a ɗora wani, sa'an nan a sake saukar da allurar. Ga mai saurare a zaure wannan ɗan shiru ba kome ba ne. Amma a filin rawa babbar matsala ce, domin da kiɗa ya tsaya sai ƙafa ta tsaya, jiki ya yi sanyi, taro ya fara watsewa. Mai gidan rawa kuwa cinikinsa yana tafiya ne muddin jama'a na tsaye a fili.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin dabarun da masu sa faifai suka ƙago don su fita daga wani kiɗa su shiga wani ba tare da sun saki masu rawa ba. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa a mafi yawan matakan wannan tarihi hannun mutum ne ya fara gano dabara, sa'an nan kamfanoni suka biyo baya da na'urar da za ta sauƙaƙa ta. Batun yana da muhimmanci, domin mutane da yawa, har da wasu manazarta kiɗa, suna ɗaukar mai sa faifai tamkar yaron inji kawai, wanda ba shi da wata fasaha tasa ta kansa. In har abin da za mu kawo ya tabbata, to, wannan ra'ayi yana bukatar gyara.

1.1 Ma'anar Kalmomi

Da yake fannin baƙo ne ga irin wannan taro namu, ya kamata mu daidaita kan wasu kalmomi tun daga farko. Mai sa faifai shi ne wanda aka fi sani da DJ. Majuyi shi ne injin da ke juya faifai. Mahaɗa ita ce na'urar da sautin majuyi biyu ko fiye yake shiga kafin ya wuce zuwa amfilifaya da lasifika. A jikin mahaɗa kowane majuyi yana da abin ƙara masa murya ko rage ta: in murɗa shi ake yi za mu kira shi mamurɗi, in kuwa tura shi ake yi sama da ƙasa za mu kira shi linzamin tsaye. Akwai kuma wani guda ɗaya da ake turawa hagu da dama, wanda ke rage muryar wannan majuyi a daidai lokacin da yake ƙara ta wancan. Shi za mu kira linzamin kwance. Dabarun sauya kiɗa kuwa za mu kasa su gida 3: dusashewa, watau a rage kiɗa sannu a hankali har ya ɓace kafin wani ya taso, saje, watau kiɗa biyu su yi tafiya tare na wani lokaci bugunsu ya dace, da yanke, watau a datse wannan a saki wancan farat ɗaya.

2.0 MATAKIN FARKO: KAWAR DA SHIRU

Amfani da majuyi biyu ya girmi gidajen rawa na zamani. A ƙarshen shekarun 1920 gidajen sinima a Amurka da Ingila sun riƙa ajiye majuyi biyu kusa da juna don su raka majigi marar magana da kiɗan faifai, ma'aikaci yana rage wannan yana ƙara wancan gwargwadon abin da ke gudana a allo. Gidajen rediyo ma sun bi wannan hanya. A can ne aka saba da wata dabara wadda za mu sake haɗuwa da ita nan gaba: a shimfiɗa ƙyalle mai laushi tsakanin faifai da farantin majuyi, a dafe faifan da yatsa farantin yana ta juyawa a ƙarƙashinsa, in lokaci ya yi a sake shi, kiɗa ya tashi nan take da cikakken saurinsa.

A fagen rawa, sunan da aka fi ambata shi ne na Régine Zylberberg, wadda a shekarar 1953 take kula da gidan rawa na Whisky à Gogo a birnin Faris na ƙasar Faransa. Kamar yadda ita da kanta ta riƙa ba da labari, shirun da akwatin kiɗa mai cin kwabo yake bari tsakanin faifai da faifai shi ne ya dame ta, don haka ta kawar da akwatin ta kafa majuyi biyu, tana sarrafa su da hannunta. A wannan mataki ba a damu da ko bugun kiɗan biyu ya dace ba. Abin nema kawai shi ne kada a ji shiru.

Abin lura a nan shi ne ba kowa ne ya bi ta wannan hanya ba. A tsibirin Jamaika, a shekarun 1950, masu kafa manyan lasifikoki a fili, irin su Coxsone Dodd da Duke Reid, da majuyi ɗaya tak suke aiki. Giɓin da ke tsakanin faifai da faifai da baki ake cike shi. Count Machuki, wanda ya yi aiki da Dodd, yana cikin na farkon da suka shahara da riƙe makirfo suna zuba kirari da barkwanci har a gama sauya faifai, kusan kamar yadda sanƙira yake yi a gaban makaɗan Hausa. Wannan al'ada ta yi ƙarfi ƙwarai, har Jah Shaka, wanda ya yi sana'arsa a Landan ya rasu a 2023, da majuyi ɗaya aka san shi. Ke nan matsalar ɗaya ce, amma kowace al'umma da maganin da ta samo mata.

3.0 MATAKI NA BIYU: SAJE

Wanda aka fi danganta saje da shi shi ne Francis Grasso, ɗan unguwar Brooklyn a birnin Niyok. Ya fara sa faifai a 1968 a gidan rawa na Salvation II, ranar da mai aikin, Terry Noel, bai iso a kan lokaci ba. Daga baya ya yi suna a Sanctuary, wani tsohon coci da aka mayar gidan rawa. Grasso ɗan rawa ne kafin ya zama mai sa faifai, saboda haka ya san cewa abin da ƙafa take bi shi ne bugu. Sai ya ɗauko dabarar 'yan rediyo ta dafe faifai a kan ƙyalle, ya haɗa ta da abin saurare na sawa a kunne. Yayin da jama'a ke jin faifai na farko ta lasifika, shi yana jin na biyu a kunnensa shi kaɗai, yana nemo bugun farko, yana jiran gaɓar da zai sake shi.

Don a gane wuyar wannan aiki, bari mu yi ɗan lissafi. A ce kiɗa na farko yana bugu 120 a minti, na biyu kuma 122. Ko da an sake su tare daidai wa daida, bayan daƙiƙa 15 na biyun ya wuce na farkon da rabin bugu, bayan daƙiƙa 30 kuwa ya wuce shi da bugu guda cur. Abin da masu rawa za su ji shi ne hargitsi, kamar na dawaki biyu da sukuwarsu ta saɓa. Daɗin daɗawa, faya-fayan wancan lokaci mutane ne suka kaɗa gangunansu da hannu, kamar faifan Drums of Passion na Babatunde Olatunji, ɗan Nijeriya, wanda Grasso yakan sa. Makaɗi kuwa ɗan Adam ne, yakan ƙara sauri yakan rage ba da saninsa ba. Saboda haka tilas mai sa faifai ya kasa kunne kowace daƙiƙa, ya ɗan tura faifai da yatsa in ya yi baya, ya ɗan danne shi in ya yi gaba. Da irin wannan ƙwarewa ce Grasso yakan ɗora wani sashe na «Whole Lotta Love» na ƙungiyar Led Zeppelin a kan gangunan «I'm a Man» na ƙungiyar Chicago, su yi ta tafiya tare kamar dama can kiɗa ɗaya ne.

Sai bayan dabarar ta kafu sa'an nan kayan aikinta suka zo. A 1971 injiniya Alex Rosner ya ƙera wata 'yar mahaɗa da aka yi wa laƙabi da Rosie, don gidan rawa na Haven inda Grasso ya yi aiki. A farkon shekarun 1970 ɗin ne kuma kamfanin Rudy Bozak ya fito da mahaɗar CMA-10-2DL, wadda ta zama abin yayi a gidajen rawan Niyok. Mamurɗai gare ta, ba ta da linzamin kwance, don haka da hannu biyu ake saje: dama na ƙara wannan, hagu na rage wancan. Ta fuskar majuyi kuwa, kamfanin Matsushita na Japan ya fito da Technics SL-1200 a 1972, wanda injinsa ke juya faranti kai tsaye ba tare da bel ba, abin da ya sa yake jure dafawa da turawa. A 1979 aka fito da SL-1200MK2 mai linzamin ƙara sauri ko rage shi da kashi 8 cikin 100. Watau kiɗa mai bugu 120 ana iya saukar da shi zuwa wajen 110, ko a ɗaga shi zuwa kusan 130.

Har masu buga faifai ma sai da suka bi sahu. A 1975 Tom Moulton ya jera waƙoƙi 3 na Gloria Gaynor a gefe guda na faifanta Never Can Say Goodbye, kusan minti 19 ba yankewa. A 1976 kamfanin Salsoul ya sayar da «Ten Percent» na ƙungiyar Double Exposure a faifai mai faɗin inci 12, bayan mai sa faifai Walter Gibbons ya tsawaita waƙar zuwa fiye da minti 9. Daga nan ya zama al'ada a bar ganga kusan zalla a farkon faifan rawa da ƙarshensa, don mai sa faifai ya sami wurin ɗinki. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake. A nan kuwa bukatar masu rawa ce ta sake fasalin kiɗan.

4.0 MATAKI NA UKU: YANKE

A daidai lokacin da gidajen rawa na tsakiyar Niyok ke ƙoƙarin ɓoye mahaɗin faifai da faifai, samarin unguwar Bronx, a arewacin birnin, sun fuskanci wata matsala dabam. Ranar 11 ga Agusta, 1973, Clive Campbell, haifaffen Kingston ta Jamaika wanda aka fi sani da Kool Herc, ya sa faifai a wani biki a gida mai lamba 1520, titin Sedgwick. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a ɗan gurbin nan da mawaƙi yake yin shiru a bar ganga kaɗai. Gurbin kuwa gajere ne, sau da yawa 'yan daƙiƙoƙi ne. Sai ya riƙa sayen faifai iri ɗaya guda biyu, kamar «Apache» na Incredible Bongo Band, in gurbin ya ƙare a wannan ya koma farkonsa a wancan. Sai dai Herc da ido yake saukar da allura, don haka sau da yawa bugu yakan yi tuntuɓe a wurin sauyi.

Wanda ya gyara wannan shi ne Joseph Saddler, watau Grandmaster Flash, wanda ya koyi aikin lantarki a makarantar koyon sana'a ta Samuel Gompers. Bayan ya ga yadda Pete DJ Jones yake sauraren faifai a kunne kafin ya sake shi, sai ya sayo ɗan makunni ya manna wa mahaɗarsa, don shi ma ya riƙa jin kowane majuyi a ɓoye. Ya yanka ƙyalle mai kauri ya haɗa da takarda mai santsi ya shimfiɗa ƙarƙashin faifai, don ya iya juya shi baya da hannu ba tare da ya wahalar da inji ba. Sa'an nan ya yi wa faifai alama da fensir mai maiƙo, ya ɗauke shi tamkar fuskar agogo, ya ƙidaya zagaye nawa zai mayar da shi baya kafin ya dawo farkon gurbi. Da haka ya iya maimaita gurbi ɗaya sau da yawa bugu bai kuskure ba. A 1981 aka buga faifansa mai suna The Adventures of Grandmaster Flash on the Wheels of Steel, wanda aka gina shi da yanke da haɗa faya-fayan wasu a kan majuyi.

Daga yanke aka samu karta, watau a riƙa kai faifai gaba da baya a ƙarƙashin allura don a fitar da wani sauti, dabarar da ake danganta ta da Grand Wizzard Theodore a shekarun 1970. Duniya ta san ta sosai a 1983 ta hanyar «Rockit» na Herbie Hancock, inda Grand Mixer D.ST ya yi kartar. A tsakiyar shekarun 1980 kuma 'yan birnin Filadelfiya, irin su Spinbad da Cash Money da Jazzy Jeff, suka shahara da daddatsa sautin karta gunduwa-gunduwa ta hanyar buɗe murya da rufe ta cikin sauri. A nan bambancin makarantun biyu ya fito fili. Mai saje kamar tela ne, wanda gwanintarsa ita ce kada a ga inda ya haɗa ƙyalle da ƙyalle. Mai yanke kuwa kamar gyartai ne, wanda ɗinkinsa yake a fili a jikin ƙwarya, kowa ya gani ya yaba ko ya kushe.

5.0 LINZAMIN KWANCE DA LISSAFINSA

Mai yanke hannunsa ɗaya yana kan faifai koyaushe, saboda haka ba shi da hannu biyu na murɗa mamurɗai. Linzamin kwance shi ya dace da shi, domin yatsu biyu sun isa su rufe wannan majuyi su buɗe wancan. Wajen 1977 mahaɗai masu irin wannan linzami suka fara shiga kasuwa, daga cikinsu akwai SMP101 ta kamfanin Citronic a Ingila da PMX 7000 ta kamfanin GLI a Amurka.

Amma fa linzamin yana da tasa matsalar. In aka tsara shi yadda a tsakiyar tafiyarsa kowane kiɗa zai sauka zuwa rabin tsayin sautinsa, kunne zai ji murya ta faɗa. Dalili shi ne ƙarfin sauti yana bin ninkin tsayinsa a kansa: rabi sau rabi rubu'i ne, rubu'i biyu kuwa rabi ne. Ke nan a tsakiya ƙarfin ya ragu da rabi, watau desibel 3. Maganin da injiniyoyi suka yi shi ne su bar kowane kiɗa a kan wajen kashi 71 cikin 100 a tsakiya, yadda jimlar ƙarfin za ta tsaya daram daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan tsari ya yi wa mai saje daidai. Mai karta kuwa akasin haka yake so: da an gusa linzami milimita ɗaya ko biyu murya ta buɗe gaba ɗaya. Bukatun biyu sun saɓa, har sai a tsakiyar shekarun 1990 da mahaɗai irin PMC-05 Pro ta kamfanin Vestax suka ba mai aiki damar zaɓen tsarin da yake so. Haka kuma yawan gurzawa yakan cinye linzami ya fara ƙara, shi ya sa a 2001 kamfanin Rane ya fito da TTM 56 mai linzamin da ke aiki da maganaɗisu, ba tare da wani abu na gugar wani a hanyar sauti ba.

A nasu ɓangaren, magadan saje, tun daga Larry Levan na Paradise Garage, gidan da ya yi aiki daga 1977 zuwa 1987, da Frankie Knuckles na Warehouse a Shikago, sun bar wa na baya salon doguwar haɗuwa tsakanin kiɗa biyu. Wannan salo yana da ƙa'idoji biyu. Ta farko ita ce ƙidaya: kiɗan rawa yakan zo da bugu 4 a gaɓa, gaɓa 8 a zango, watau bugu 32, wanda a saurin 120 daƙiƙa 16 ne. Sabon kiɗa a farkon zango ake shigo da shi. Ta biyu ita ce musayar amon ƙasa: kaurin sautin kiɗa biyu in ya haɗu yakan dagule, don haka akan shigo da sabon kiɗa an rage masa kauri, in zango ya juya a cire na tsohon a saki na sabon. Amfani da mahaɗa a matsayin abin kiɗa yana da tushe a Jamaika ma, inda King Tubby, da mahaɗar da ya saya daga kamfanin Dynamic Sounds a 1972, ya riƙa ɓatar da murya ko ganga daga cikin waƙa yana dawo da su.

6.0 ZAMANIN KWAMFUTA

A 2001 kamfanin Pioneer ya fito da CDJ-1000, wanda ya ba da damar sarrafa faifan CD da hannu kamar faifan garmaho. A 2004 manhajar Serato Scratch Live ta ba mai majuyi damar juya waƙoƙin da ke cikin kwamfuta. A 2012 kuma CDJ-2000NXS ya zo da maɓallin da ke daidaita bugun kiɗa biyu da kansa. Aikin da Grasso ya yi da kunne da yatsa ya koma dannawa ɗaya, har wasu suka ce sana'ar ta mutu.

Mu a ganinmu abin da na'ura ta karɓe shi ne lissafi. Zaɓen kiɗan da zai biyo baya, da gaɓar da za a shigo da shi, da ko saje ya dace ko yanke, duk suna hannun mai kallon fili. Misalin David Mancuso ya isa hujja. Shi ne ya fara taron Loft a Niyok ranar 14 ga Fabrairu, 1970, kuma daga baya ya daina haɗa faya-fayai gaba ɗaya, ya riƙa barin kowane kiɗa ya kai ƙarshensa, jama'a su tafa, sa'an nan ya sa wani. Shirun da Régine ta kora a 1953 shi Mancuso ya dawo da shi da gangan, masu rawa kuma ba su watse ba.

7.0 KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga yadda aka tashi daga kawar da shiru, aka shiga saje, aka zo yanke, mun kuma ga cewa mahaɗar Rosie ta biyo bayan Grasso, faifai mai inci 12 ya biyo bayan bukatar masu saje, linzami mai zaɓi kuma ya biyo bayan masu karta. Wanda ya ƙago dabara kafin a ƙera masa kayan aikinta ya wuce a kira shi yaron inji.

Daga ƙarshe, muna ba da shawara ga abokan aikinmu na sassan Hausa da na kiɗa a kwalejoji da jami'o'i. Tun daga 1962, da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, akwai ma'aikatan da suka yi shekaru suna rage kiɗa don mai gabatarwa ya yi magana, suna sauya faifai da kaset a gaban mahaɗa. A yau kuma da wuya a je babban bikin aure a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba a tarar da saurayi da kwamfutarsa yana sauya waƙa bayan waƙa ba. Ya kamata a tura ɗalibai su zauna da waɗannan mutane, tsofaffinsu da samarinsu, su rubuta sunayen da suke kiran kayan aikinsu da dabarunsu, su kuma tambaye su yadda suke gane lokacin sauya kiɗa in amarya ta shigo fili, ko in masu liƙi sun taso. Kalmomin da muka yi amfani da su a wannan takarda na wucin gadi ne. Muna fata in an yi wancan bincike a maye gurbinsu da na bakin masu sana'ar.